Dogon Turanci da Gajeren Asalinsa

A shekarar 1604 wani malamin makaranta a Ingila mai suna Robert Cawdrey ya wallafa ɗan littafin da ake ɗauka shi ne ƙamus na farko na Ingilishi zalla. Kalmomi kimanin 2,500 ne a ciki, kuma ba na yau da kullum ba ne. Masu wuya ya bi ya tsinto, waɗanda aka aro daga Latinanci da Girkanci da Faransanci da Ibrananci. Ya ce ya yi aikin ne saboda mata da sauran waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, domin su riƙa gane abin da suke ji a huɗuba da abin da suke karantawa. Ashe ba don baƙi aka yi ƙamus ɗin ba. An yi shi ne don Bature ya fahimci Bature.

Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya zuciyar ɗalibinmu da ke raba dare yana haddar manyan kalmomi saboda jarrabawa. Wahalar da yake sha, masu harshen ma sun sha ta, suna kuma kan sha. Ingilishi ya daɗe da rabuwa gida biyu: akwai kalmomin da uwa ke rarrashin ɗanta da su, akwai waɗanda sai an biya kuɗin makaranta ake samu. To, me ya ɗaukaka na biyun? Wa ya naɗa su manya?

Amsar ba a jikin kalmomin take ba, a tarihi take. Ingilishin farko harshen manoma ne da masunta da mayaƙa, wanda ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro da shi daga arewacin Jamus da Denmak tun daga ƙarni na 5. Kalmominsa gajeru ne, na tsakar gida: “house”, “bread”, “water”, “mother”, “sleep”. A shekarar 597 wani limamin Kirista mai suna Augustine ya iso Kantabari daga Rum, Latinanci ya biyo shi, amma a coci da ɗakin karatu ya tare. Babbar girgiza sai a 1066.

Ranar 14 ga Oktoban wannan shekara, kusa da garin Hastings, rundunar Wiliyam mai mulkin Nomandi ta arewacin Faransa ta murƙushe ta Sarki Harold, shi kansa Harold bai bar fagen da rai ba. Wiliyam ya ƙwace filaye ya raba wa sarakunan yaƙinsa, ya cika manyan kujerun coci da mutanensa. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da shari'a, Latinanci na ibada da rubutu, Ingilishi kuwa na mai fartanya. Sai a 1399 Ingila ta sake samun sarkin da ya sha Ingilishi a nono, wato Henri na Huɗu.

Mai son ganin tabon wannan mamaya ba sai ya shiga gidan tarihi ba, ya leƙa mahauta kawai. Muddin dabba tana kiwo, sunanta na Sakson ne: “cow”, “sheep”, “calf”, “swine”. Da zarar an yanka an dafa an zuba a akushi, sai sunan ya koma na Faransa: “beef”, “mutton”, “veal”, “pork”. Mai kiwon daban, mai cin daban, kowa kuma ya kira abin da yarensa a inda ya gamu da shi. Marubuci Walter Scott ya yi wa wannan rabo ba'a a littafinsa Ivanhoe na 1819, ta bakin wani wawan fada da ke zolayar makiyayin aladu.

Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Jikokin mamayan suka yi auratayya da 'yan ƙasa, Faransancinsu ya yi ta ƙanƙancewa, har a 1362 aka kafa dokar cewa a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Ingilishi, tunda jama'a ba sa gane abin da ake faɗa a kansu. Abin dariya, da Faransanci aka rubuta dokar. Ingilishi ya dawo gadon mulki, sai dai ya dawo da kaya niƙi-niƙi. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kusan 10,000 ne suka shige shi a wancan zamani, da yawansu kuma na iko ne: “court”, “judge”, “prison”, “government”. Su ne bayan ɗaruruwan shekaru suka biyo Turawan mulkin mallaka zuwa ƙasar Hausa, suka zama kotu da joji da fursuna da gwamnati.

Haka Ingilishi ya zama bene mai hawa uku: Sakson a ƙasa, Faransanci a tsakiya, Latinanci da Girkanci a sama. Tambaya a ƙasa “ask” ce, a tsakiya “question”, a sama “interrogate”. Wuta a ƙasa “fire”, a tsakiya “flame”, a sama “conflagration”. A ƙamus ma'anarsu ba ta yi nisa da juna ba, amma iskar kowane hawa daban take. Uwa a hawan ƙasa take tambayar ɗanta, malami a na tsakiya, ɗan sanda mai bincike a na sama. Iya hawanka, iya nisanka da jiki da zuciya. Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan sha'ani, don mun san ratar da ke tsakanin “ya mutu” da “ya rasu” da “ya yi wafati”, mun kuma san girman da kalmar Larabci ke shigowa da shi cikin zance. Bambancin dai shi ne, namu aron ta hannun malamai da fatake ya zo, nasu kuwa kaso mai tsoka a bakin takobi ya shigo.

Idan aka ƙirga kalmomin babban ƙamus na Ingilishi, fiye da rabi daga Latinanci da Faransanci suke, na asalin gida kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Amma idan aka ware kalmomi 100 da aka fi furtawa kullum, kusan dukkansu na hawan ƙasa ne. Ƙamus na baƙi ne, baki na 'yan gida.

Hawan sama bai cika maƙil ba sai a ƙarni na 16. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, littattafai suka yawaita, masu ilimi suka duƙufa kan fassara ayyukan Girka da Rum. Duk inda suka ga Ingilishi ya gaza, sai su ɗauko kalmar Latin su datse mata wutsiya su dasa. Irin su Thomas Elyot, mai littafin tarbiyyar masu mulki na 1531, gani suke arzuta harshe suke yi. Abokan hamayyarsu kuwa suka laƙaba wa sababbin kalmomin suna “inkhorn terms”, wato kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba a baki aka haife su ba, da alƙalami aka tsamo su daga kurtu.

John Cheke, shehun malamin Girkanci a Jami'ar Kambirij, yana cikin waɗanda suka fi zafafawa. Ya fassara Linjilar Matiyu yana kauce wa baƙin kalmomi: maimakon “centurion”, hafsan Rum mai soja ɗari a ƙarƙashinsa, ya sa “hundreder”, maimakon “lunatic” ya sa “mooned”, wanda wata ya taɓa. A wata wasiƙa ta 1557 ya yi kira da a rubuta Ingilishi tsantsarsa ba gauraye, ya yi gargaɗin cewa ƙarshen mai yawan cin bashi karyewa. Sai dai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, domin kalmomin da ya yi wa'azin da su, irin su “pure” da “opinion” da “bankrupt”, duk na aro ne. Kafin nan, a 1553, Thomas Wilson ya buga wata wasiƙa cunkushe da irin waɗannan kalmomi don mutane su yi dariya. Cikin abubuwan dariyar akwai “celebrate” da “fertile” da “superiority”, har da “invigilate”, wadda yau duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa ya san ta. Ba malamai suka raba gardamar ba, bakin jama'a ne ya raba. “Impede” ta rayu, 'yar'uwarta “expede” ta mutu, ba tare da ɗaya ta fi ɗaya asali ba.

Hanyar rage wa waɗannan kalmomi kwarjini ita ce a bi su har gida. Da yawansu, idan aka tone tushensu, wani ɗan abu ake tararwa wanda hannu ke iya ɗauka.

“Ostracize” na nufin a ƙaurace wa mutum, a mai da shi saniyar ware. Tushenta “ostrakon”, wato tsingaro a Girkanci. A birnin Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, sau ɗaya a shekara akan tambayi taron 'yan gari ko suna son a kori wani. In sun amince, sai a sa rana, a killace wani sashe na dandalin kasuwa, kowa ya zo da guntun fasasshiyar tukunya ya karce sunan wanda yake ganin ya fara fin ƙarfin gari. Takarda tsada gare ta, tsingaro kuwa ko'ina a zube yake. Idan ƙuri'u suka kai 6,000, wanda sunansa ya fi fitowa yana da kwana goma ya tattara nasa-ya-nasa ya bar gari na shekara goma, ba tuhuma, ba shari'a, ba a kuma taɓa dukiyarsa. Masu tonon tarihi sun haƙo dubban irin wannan tsingaro. A wata rijiya da ke gefen tudun Akuropolis an tsinci kimanin 190, duk ɗauke da sunan Themistocles, gwarzon yaƙin ruwa na Salamis. Da aka duba rubutun da kyau, sai aka ga hannu 14 ne kacal suka rubuta su duka. Da alama an tanadi ƙuri'un tun daga gida don a raba wa jama'a. Maguɗin zaɓe ya girmi akwatin zaɓe.

“Candidate”, ɗan takara, daga farin tufafi ta fito. Mai neman muƙami a Rum yakan goge mayafinsa da alli har ya yi fari fat, “candidus” a yarensu, don a hango shi daga nesa. Ya shiga dandali yana miƙa hannu, a bayansa ga bawa wanda aikinsa kawai ya raɗa masa sunan duk wanda suka tunkara, don ya gaishe shi kamar tare suka tashi. Wannan zagaye na neman ƙuri'a shi ne “ambitio”, uwar “ambition”, buri. Daga wannan tushe ne kuma Rumawa suka sami sunan laifin sayen ƙuri'a, “ambitus”. Kalmar ta daɗe a Ingilishi tana warin zargi, kafin zamani ya wanke ta ta zama halin da ake son gani a takardar neman aiki.

Muƙaman da muka ara ma haka abin yake. Minista a Latinanci hadimi ne, daga tushen da ya haifi “minus”, wato ƙarami. Sanata daga “senex” take, tsoho, don haka wanda ya fara cewa majalisar dattawa ya faɗa daidai kan asali. Gwamna ta samo tushe daga kalmar Girkanci ta tuƙa jirgin ruwa. Soja kuwa daga “solidus” take, kuɗin zinariya da Sarki Konstantin ya buga a ƙarni na 4. Soja shi ne wanda ake biya. “Pecuniary”, wadda lauyoyi ke ji da ita idan ana zancen kuɗi, daga “pecus” ta fito, garken dabbobi. Har gobe idan makiyayi ya ce dukiya, shanu yake nufi.

Wasu kuma danginmu ne da suka yi doguwar tafiya. “Algebra” daga “al-jabr” take, kalma ce a sunan littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, sunansa kuma shi ya rikiɗe ya zama “algorithm” da ke juya wayoyinmu a yau. “Cipher” da “zero” duk sifiri ne. “Alcohol” asalinta “al-kuhl”, kwallin ido; ta zama sunan duk wani gari mai laushi, sannan duk abin da aka tace, kafin ta tsaya kan sinadarin giya. “Arsenal” kuwa “dar as-sina'a” ce, gidan sana'a. Ta bi ta ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Benis ta zama sunan masana'antar makamai, ma'aikatan irin wannan masana'anta a Woolwich suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1886. Matashin da ke ihun sunanta a gidan kallo, “sana'a” yake ambata bai sani ba.

To amma asali rabin labari ne. Sauran rabin shi ne ƙamshi ko warin da kalma ta kwaso a hanya, kuma a nan ake gane wanda alƙalami ke hannunsa. A duba kalmomin zagi. “Villain”, mugu, a da manomi ne da ke bauta a gandun ubangida, “villa”. “Churl” talaka ne mai 'yancin kansa a zamanin Sakson, yau “churlish” rashin ladabi ce. “Boor”, bagidaje, 'yar'uwar kalmar manomi ce a harshen Holan. “Vulgar” daga “vulgus” take, gama-garin mutane. “Pagan”, mai bautar gumaka, ɗan ƙauye take nufi tun farko. A juya ga kalmomin yabo: “urbane” ɗan birni ne, “courteous” mai halin fada, “gentle” da “generous” ɗan babban gida. Ba a taɓa zama an yanke hukuncin cewa manomi mugu ne, bafade kuma mutumin kirki ba. Masu rubutun ne a birni da fada suke zaune, suka yi ta faɗa har ya bi jiki, ya shige ƙamus. Bahago ma bai tsira ba: “sinister”, abin da ke da alamar sharri, hagu ce a Latinanci, “dexterity”, ƙwarewa, daga dama. Mace ma haka: “hysteria” daga sunan mahaifa a Girkanci aka ƙera ta, don likitocin da sun ɗauka ciwon mata ne, “virtue” kuwa, nagarta, daga “vir” take, namiji. Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu tuna abin da muke nufi idan muka ce mutum ya yi ƙauyanci.

Duk da haka, asali ba shi ne alƙalin ma'ana ba. Akwai masu ganin cewa da zarar sun tono tushen kalma, su ne suka san gaskiyarta, sauran jama'a kuwa kwaɓa suke yi. Harshe ba haka yake tafiya ba. “Nice” daga “nescius” ta fito, jahili. Ta daɗe tana nufin wawa, sannan mai iyayi, kafin ta zama mai daɗin sha'ani. “Silly” ta bi hanyar a juye: daga mai albarka, zuwa marar laifi, zuwa abin tausayi, zuwa sakarai. “School” a Girkanci hutu ce, abin da ba ɗalibin da zai yarda da shi yau. Tushe yana faɗa mana inda kalma ta fito. Inda take zaune yanzu, sai a tambayi masu magana da ita. Shi ya sa haddar jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya ke yaudarar ɗalibi. “Frugal” da “parsimonious” da “miserly” duk kan mai riƙe kuɗi suke magana, amma ta farko tattali ce, ta biyu tsumulmula, ta uku rowa tsagwaronta. “Famous” da “notorious” duk sananne ne, sai dai ɗaya ya yi suna, ɗaya ya yi ƙaurin suna.

Inda abin ya tashi daga wasan malamai shi ne lokacin da aka mai da nisan babbar kalma wurin ɓuya. A 1946 George Orwell ya rubuta maƙala kan siyasa da harshen Ingilishi, inda ya nuna yadda masu mulki ke fakewa da dogayen kalmomin Latin idan abin da suka aikata ba ya faɗuwa da gajeru. Cikin misalansa akwai “pacification”, daga “pax”, zaman lafiya, da “facere”, yi. Mu ba sai an ba mu labari ba. Da wannan kalma Turawan mulkin mallaka suka kira cin ƙasar Hausa: faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, da shafe Satiru daga doron ƙasa a 1906. Ƙasar da aka ci da bindiga kuma aka kira ta “protectorate”, wadda aka ba kariya. Da an rubuta rahotannin da “kill” da “burn” da “take”, da mai karatu a Landan ya ga jini ya shaƙi hayaƙi. Gajeren fi'ili yana tilasta a ambaci wanda ya yi da wanda aka yi wa. Dogon suna, musamman mai ƙarewa da “-tion”, yakan haɗiye su duka biyu, ya bar aiki ba mai aikatawa. Har yau “collateral damage” ake cewa idan bam ya faɗa kan 'yan biki.

Laifin ba na tsawon ba ne. Likita na buƙatar kalmar da za ta raba wannan ciwo da wancan, lauya na buƙatar wadda ba ta da ƙofa biyu, kuma sau da yawa a Latinanci da Girkanci kaɗai ake samunta. Mizanin ɗaya ne: kalmar haske ta ƙara, ko nisa?

A Najeriya idan mutum ya cika zuba ba aiki a ƙasa, akan ce “grammar” yake yi, Bahaushe ya ce dogon Turanci. Masu wannan magana sun taɓo wani tsohon tarihi. A Turai ta da, “grammar” ilimin Latin take nufi, kuma da yake 'yan ƙalilan ne suka iya shi, sai talakawa suka ɗauka masu shi da asiri suke yawo. Kalmar ta haifi “gramarye”, sihiri. A bakin mutanen Sikotland ta rikiɗe ta koma “glamour”, rufa-ido, wadda yau ke nufin ƙyalƙyali da ɗaukar hankali. “Prestige”, martaba, ita ma dabo ce a Latinanci, kuma da wannan ma'ana ta fara shiga Ingilishi a ƙarni na 17. “Fascinate” sammu ce, “charm” waƙar tsafi. Harshen da bakinsa ya amsa cewa burgewa da rufa-ido uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Maganin rufa-ido kuwa shi ne sanin yadda ake yin sa. Ɗalibi ya koyi manyan kalmomin nan, ya koye su da kyau, domin da su ake jarrabawa, da su kotu ke yanke hukunci, da su ake rubuta kwangila. Amma ya koye su tare da asalinsu da warinsu, don kada su riƙa ba shi tsoro, kada kuma shi ya riƙa tsorata na ƙasa da shi da su. Duk wanda ya jefo masa ɗaya, a majalisa ko a jarida ko a takardar ofis, yana da haƙƙin ya tare shi ya ce: malam, sauko da ita, faɗa mini a taƙaice, wa ya yi me, wa aka yi wa? Idan maganar ta sauko ta tsaya da ƙafarta, ilimi ce, a karɓa da hannu biyu. Idan ta narke a hanya, dama can ba komai a cikinta.